Lambun makaranta da girkin yara: kurakuran da na gaji da gani

Shekaranjiya wata ƙawata da muka yi NCE tare ta kira ni tana ta murna, wai hedimasta ya ba ta fili a bayan ajujuwa za su fara lambu da ’yan aji biyar, in kaya sun nuna su dafa tare su ci. Na ce ma sha Allah, me za ku shuka? Ta ce tumatir da albasa da kabeji, har ta sayo iri. Na ce yau nawa ga wata? Ta ce ashirin ga Mayu. Wallahi sai da na ajiye wayar na sha ruwa sannan na sake kiranta. Ita ce ta huɗu ko ta biyar da ta zo min da wannan maganar, kuma duk ramin da na faɗa shekarun baya shi suke layi suna faɗawa, to bari kawai in rubuta in huta, duk wadda ta sake tambaya in tura mata.

Babban kuskure shi ne mutum ya manta cewa makaranta tana da kalandarta, shuka ma tana da tata, kuma shuka ba ruwanta da hutu. Shekarata ta farko nima tumatir na sa a gaba, don shi kowa ke so ya gani ya yi jajir a hoto. Muka yi renon iri a zango na uku, muka yi dashe ruwa na sauka, kuɗin iri da taki duk daga albashina don makaranta ta ce babu. Yara sun ba da himma sosai, akwai wani yaro da kullum shi ke fara zuwa ya ƙirga ganye. Ana fara fure aka shiga jarrabawa, ƙarshen Yuli aka ba da dogon hutu, kowa ya kama gabansa. Da muka dawo a Satumba abin da na tarar ko a mafarki ba na so in sake gani, ciyawa ta kai min ƙugu, rabin tumatirin ruwa ya kwantar ya ruɓe, sauran rabin awakin unguwa sun yi walima da shi don dangar karan da muka yi iska ta kayar tun makon farko. Na ce Baba maigadi ya aka yi haka? Ya ce Malama ni ƙofa aka ce in tsare ba tumatir ba. Kuma gaskiyarsa ne. Kuɗin bai dame ni ba kamar fuskar yaran, yaron nan mai ƙirga ganye ya tsaya ya kalli wurin ya juya, har ya gama makarantar bai sake taɓa fartanya ba.

Ga shi kuma tun asali damina ba lokacin tumatir ba ne a wajenmu, danshi yana jawo masa cuta, shi ya sa kike ganin yana tsada a lokacin. Tumatir da kabeji da latas da karas ’yan sanyi ne, ki je Kadawa ko Kura lokacin hunturu ki ga yadda fili yake cika da su. Haka in kika makara har zafin Maris da Afrilu ya riske shi yana fure, furen zubewa zai yi ki tashi da ganye zalla.

Abin da nake yi yanzu ƙirgen baya ne. Ina duba makon jarrabawa, in cire mako biyu, wannan ita ce ranar girki, daga nan sai in lissafo baya in ga me zai iya nuna kafin ranar. Alayyafo mako huɗu kin fara yanka, shi ya sa ban taɓa fara aiki da sabbin yara da wani abu ba sai shi, yaro yana so ya ga sakamako tun bai manta abin da ya shuka ba. Kuɓewa kusan wata biyu ce, tana shiga zango na uku daidai in an shuka da wuri. Tumatir kuwa reno kaɗai mako uku zuwa huɗu ne, bayan dashe a ƙara wata biyu da ɗoriya, don haka ni a Oktoba nake reno, Nuwamba dashe, a ci a zango na biyu, amma fa hutun Disamba zai faɗo a tsakiya, in ba ki tsara waɗanda za su riƙa ban ruwa ba kar ma ki fara. Ni yaran da gidajensu ke kusa nake rabawa kwana bibbiyu, kuma ina zuwa gidajen da ƙafata in nemi izinin iyaye, Baba maigadi kuma in ba shi nasa fangali guda, tun da na fara haka akuya ba ta sake shiga ba. Albasa na haƙura da ita gaba ɗaya, wata huɗu yara suna kallon ganye kamar tsintsiya, gajiya suke yi. Wasu malaman suna yi kuma tana musu kyau, ni dai a’a. In dogon hutu ya matso rama da yakuwa da kabewa nake sawa, waɗannan ba su da shagwaɓa, ruwan sama ya ishe su, ki dawo a Satumba ki tarar da su suna jiranki.

To yanzu ga wanda yake ƙona min rai da gaske, kuma malamai ’yan’uwana da ku nake. Ku ji tsoron Allah ku daina maida lambu gidan horo. Yaro ya makara, je ka lambu ka yi noma. Yarinya ta yi surutu a aji, ɗauki bokiti ki ɗebo ruwa goma. Sannan gobe ka tara su kana musu wa’azi wai noma tushen arziki, wane arziki, abin da ka gama nuna musu shi ne noma aikin masu laifi ne. Akwai wani malamin ladabtarwa da muka yi aiki tare, kullum da safe sai ya koro min ’yan latti lambu, yaran nan suna shiga da haushi, su tattake fangali, su cire shuka su bar ciyawa, wasu da gangan wasu don ba su san bambancin ba. Wata safiya na tarar an tuge min renon latas kaf an tara a gefe wai ciyawa ce. Ranar na manta da cewa ya girme ni, na ce Malam don girman Allah ka nemi wani wurin, ga shara can ga tsintar leda, lambun nan ba kurkuku ba ne. Mun yi kusan wata guda ba ma gaisawa sosai. Yanzu dokata ita ce juyin wancan, wanda ya yi laifi shi ake hanawa shiga lambu a ranar, kuma ki zo ki ga yadda suke roƙo.

Ƙanwar wannan ɗabi’ar kuma ita ce a yi girbi a kwashe a kai ofishin malamai. Haba jama’a. Yara sun yi wata biyu suna ɗaukar ruwa a ka, ranar yanka sai ka ga kowane malami da ledarsa, wannan na madam ne, wannan na hedimasta ne, yaran a ba su sandar rake ko alawa a ce sun yi ƙoƙari. Na taɓa yin shiru aka yi haka a gabana don ina sabuwa ina jin nauyi, har yau abin yana cina. Yanzu tukunyar yara ake fara cikawa, in an yi ragowa a sayar wa malamai da kuɗinsu, yaro ɗaya ya riƙe littafi ya rubuta, kuɗin ya zama na irin baɗi. Ranar da na fara haka an yi ta gunaguni wai na cika tsiya, amma dai sun saya.

Maganar maganin feshi ma ba ta wasa ba ce. Da zarar an ga tsutsa sai wani mai neman taimako ya kawo kwalbar fiya-fiya ko wani ruwa marar suna da ya sayo a kasuwa, a zuba a buta a ba yaro ya yayyafa hannu tsirara, bayan kwana biyu a yanki ganyen a dafa. Gubar da ke cikin fiya-fiyan nan ce fa ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da karɓar wakenmu a 2015 saboda abin da ake samu a jikinsa, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ita barkatai a kasuwa. Ni a lambun yara ba na feshi ko ɗigo. Ganyen darbejiya muke dakawa mu jiƙa ya kwana mu tace mu yayyafa da yamma, mu barbaɗa toka, manyan tsutsotsi kuma a tsince da hannu, yara talatin ai sun fi ƙarfin tsutsar fangali shida. In abin ya fi ƙarfinmu mu haƙura, ko a 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, manyan manoma masu injin feshi ma kallo suka yi, balle mu.

Sauran ƙananan ba sai na ja ba. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, a bari ya ruɓe tukuna. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, a cakuɗa da yashi kafin a watsa in ba haka ba ya fito a cunkushe kamar gashi. Karas ba a dashensa, inda aka shuka nan zai zauna. Ban ruwa da safe ko da yamma, ban da tsakar rana. Kar a sa lambu ƙarƙashin inuwar bishiya don kawai malami na son wurin zama, kar kuma a sa shi nesa da famfo. Zogale in ya kai ƙirji a datse kansa ya yi rassa, in aka bar shi zai miƙe sama ganye ya fi ƙarfin hannun yara. Sannan fili kaɗan ya isa, fangali huɗu da ake kula da su sun fi rabin filin ƙwallo da ciyawa ta cinye.

A wajen girki abin da na fi gani shi ne malama ta ɗaura zani ta kama ludayi ta yi komai da kanta, yara suna zagaye suna kallo kamar a talabijin. Nima na yi, don tsoron kar a ɓata abinci a ji kunya gaban baƙi. To a ɓata mana! Kwaɗon ramar da muka fara yi gishiri ya yi yawa har ana yamutsa fuska, amma sun cinye tas suna dariya, kuma yarinyar da ta zuba gishirin yanzu ita ke hana wasu zubawa ba a ɗanɗana ba. Shi ya sa da kwaɗo nake farawa, na rama ko na zogale, a dafa ganye a matse, a daka ƙuli-ƙuli, a yanka albasa da tumatir, ba mai mai zafi ba tsalle-tsalle. Daga nan fate, sai miyar alayyafo, suya ita ce ta ƙarshe kuma ni nake tsayawa a bakin kasko. Wuta kam ba na sakaci da ita, murhun gawayi a waje a ƙasa, a zana da’ira da toka, mutum biyu kawai ke shiga ciki, ’yan mata a ɗaure hijabi ta baya ko a soke shi sosai don na taɓa ganin bakin hijabi ya lashi wuta, Allah ne ya tsare. Tukunyar gas a cikin aji da yara arba’in, ni dai ba da ni ba.

Kuma don Allah a daina raba su wai maza noma mata girki. Ranar farko mazan za su noƙe suna cewa Malama mu fa ba ’yan mata ba ne, sai in tambaye su wa ke gasa tsire a bakin titi, wa ke dafa indomi da ƙwai a teburin mai shayi, ranar da aka kai ku makarantar kwana ko kuka tafi bautar ƙasa Mama za ta bi ku da tukunya ne? Shiru. Su ma matan fartanya nake ba su, a ƙauyukanmu mata nawa ke noma. Wata uwa ta taɓa zuwa da faɗa wai an sa ɗanta yankan albasa, na ba ta kujera na zubo mata abin da ya dafa, ta ci ta ce gaskiya yaji ya ɗan yi yawa, ta tafi.

A wanke ganye kafin a yanka ba bayan an yanka ba, don amfaninsa bin ruwan yake yi. Alayyafo minti kaɗan ya ishe shi, ba sai ya koma baƙi ba. Kanwa kuma a yi hankali, yara suna ganin ana jefawa a gida sai su jefa a komai, yakuwa na yarda a ɗan sa don tsami, amma alayyafo me ya yi miki, kashe masa sinadaran bitamin kawai take yi. Latas da duk abin da za a ci ɗanye a wanke da ruwa mai tsabta fiye da sau ɗaya. Sabulu da buta a bakin wurin, wanda ya fito daga taki bai taɓa min wuƙa sai na ga kumfa a hannunsa. A tambayi iyaye tun da wuri ko akwai yaron da gyaɗa ba ta karɓe shi ba, tunda ƙuli-ƙuli za a ci.

Ita ƙawar tawa dai na ce ta zuba irin tumatirin da na kabejin a kwalba ta rufe ta ajiye wuri mai sanyi sai Oktoba, albasar kuma ta ba maƙwabci. Jiya ta turo min hoto sun gyara fangali uku sun watsa alayyafo, na ƙura ido na ga ba danga, ga wata jar akuya can a bayan hoton tana kallonsu. Na sake kiranta.