Yadda ake zaɓar ƙarfin kontar da tsarin biyan kuran a gida mai sola, batir da mota mai caji

Kuran ɗin Damagaram (Zinder) da Maraɗi, wato wutar lantarkinsu, wani sashensa daga Najeriya yake shigowa, ta babban layin Katsina, NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, kuma ta rarraba. Da aka yanke layin a watan Agusta na 2023, gidaje da dama suka ɗora fano, wato farantan sola, a kan rufi. Amma samun wuta daban, rage kuɗin takarda daban. Gida yakan cika da fano, kuɗin wata kuma yana nan inda yake, saboda ba a daidaita kontar, na'urar ƙirga wutar da gida ya sha, da kayan sola ba.

Matakin farko, tattaro takardun kuran na shekara guda, ko rasit ɗin lodi in kontar ɗinka na biya-kafin-ka-sha ne. Abu uku za ka nema: ƙarfin da aka yi maka rajista da shi, kamar kilowat 3 ko 6 ko 12, kuɗin da ake caja kowane wata ko ba ka kunna komai ba, wanda ke ƙaruwa da girman rajista, da farashin kilowat-awa, wato kWh. Farashin gidan zama hawa-hawa yake: kWh na farkon wata sun fi arha, da ka ƙetare wani adadi sai ka faɗa hawa mai tsada. Yawan abin da ka sha ne ke yanke farashi, dare da rana duk ɗaya ne. Don haka dabarar nan ta Turai ta cika batir da wutar dare mai rahusa ba ta da riba a nan.

Na biyu, lissafa cin gidan a bazara, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Kar ka auna da hunturu, zai ruɗe ka. Ga gida matsakaici a unguwar Karkada ko Garin Malam cikin Damagaram: kilim, na'urar sanyaya ɗaki, mai doki ɗaya da rabi, awa 8, kusan kWh 7, fanka huɗu masu wat 70, awa 12, kWh 3.4, firigo 1.5, kwan fitila, telebijin, dutsen guga da injin jan ruwa, ka ba su 2 da ɗoriya. Jimilla kWh 14 a rana, 420 a wata. Raba shi gida biyu, na rana da na dare. A wannan gidan kusan 11 na dare ne, kilim ne ya cinye.

Fano mai wat 550, a ranar Zinder, yana ba da kamar kWh 2.3 a yini bayan an cire asarar zafi, waya da ondiler, na'urar da ke juya wutar fano da batir ta koma irin ta gida, wadda maƙwabta a Najeriya ke kira inbata. Shida za su ba da kusan 14. A fuskantar da su kudu, a jingine kamar digiri 15. In hazo ya sauka, ƙura takan toshe su cikin ƴan kwanaki. A wanke da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, don ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi na iya tsaga shi.

Batir ne wurin da kuɗi ke nutsewa, nan za a tsaya. Batir ɗin litiyom mai bolt 48 da amfiya-awa 100 yana ɗaukar kWh 5, ka ci moriyar kamar 4.5. Na dalma mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗaukar 2.4, amma rabi kawai ake zuƙa in ana so ya daɗe, kuma kowane ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage masa kusan rabin kwanansa. Wanda ya ajiye shi a ɗakin kwano marar taga ya yi wa kuɗinsa kabari.

Ga lissafin da za ka yi kafin ka saya. Kamfani yakan rubuta cewa litiyom zai yi caji sau 6,000. A zafinmu ka ɗauki rabi: 3,000 sau 4.5, kWh 13,500 ke nan tsawon rayuwarsa. A ce an sayar maka da shi jika 900, wato sefa 900,000, kowane kWh da ya bi ta cikinsa ya tashi a kan sefa 67, ban da kuɗin fano da ondiler. Ɗora wannan adadin kusa da takardarka. In hawan sama ya fi shi tsada, batir yana cin riba a can. In hawan farko bai kai shi ba, sayen ƙarin batir don a mayar da takarda sifili asara ce. Sola ta sare kan takarda, ka bar wa kontar gindinta mai arha. Gidan misalinmu batir biyu na litiyom sun ishe shi. Sauran kWh biyu ko uku na asuba a ja daga layi.

Sai saitin ondiler, wanda masu haɗawa da yawa ke bari yadda ya fito daga kwali. Zaɓi tsarin da ke fara da rana, sannan batir, layi ya zo ƙarshe. A yawancin na'urori SBU aka rubuta. A wajen caji, sa rana kaɗai, ko ka rage amfiyar cajin layi sosai. Cika batir daga kontar yana zubar da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a litiyom, fiye da haka a dalma, kuma yana tura ka hawa mai tsada. Sai dai a bar kashi 30 na batir a matsayin ajiya don yankewar wuta. In ondiler ɗinka na iya tura rara cikin layi, kashe wannan sai da rubutacciyar yarjejeniya da kamfanin wuta: kontar da yawa suna ƙirga wutar da ta fita tamkar wadda ta shigo, ka ba da kyauta kuma a caje ka.

Yanzu mota. Tana cin kWh 15 zuwa 20 a kilomita 100. Zuwa Mirya da dawowa, kilomita 40 ne in an haɗa da zagayen gari, kamar kWh 8 har da asarar caji. 240 a wata, duk a hawan sama za su sauka in daga kontar ne. Ƙarin fano huɗu sun ɗauke wannan, muddin motar na gida tsakanin ƙarfe 10 da la'asar. Kar a caje ta da dare daga batir ɗin gida, zuba ruwa ne daga tulu zuwa tulu, kowane juyi da abin da ke zuba. Babur mai caji, irin mai bolt 72 da amfiya-awa 40, bai kai kWh 3 ba, fano biyu sun ishe shi.

Da wannan za ka yanke ƙarfin rajista. Tara abubuwan da za su kunnu lokaci ɗaya daga layi ranar da hadari ya rufe. Cajin mota ta soket yana jan amfiya 10, kilowat 2.2, ƙara kilim 1.2, ka wuce kilowat 3, mai katse wuta na jikin kontar zai faɗi. Ko dai ka hana su haɗuwa, ko ka hau 6. Caja ta bango mai amfiya 32 ita kaɗai kilowat 7 ce, sai rajistar 12 da kuɗin watanta; ga mai tafiyar kilomita 40 ba ta da amfani, soket zai gama cikin awa huɗu. Akasin haka ma yana faruwa: gidan da ke da rajistar 12 tun kafin sola, yanzu ondiler na ɗauke nauyin rana, ya je ofis ya nemi a sauke shi.

Soket ɗin mota ya samu nasa layin daga allo, waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, da mai katse wuta mai jin yoyon wuta na miliamfiya 30. Wayar ƙarin tsawo ta kasuwa, wadda ake jonawa a soket, tana iya narkewa. Cajar mota da yawa ba sa tashi in babu wayar ƙasa mai kyau, ƙasar Zinder kuwa ga bushewa ga dutse. A kafa sandar tagulla mai tsawon mita biyu inda ke da danshi, kusa da makwararar ruwa, a auna, in bai isa ba a ƙara ta biyu a haɗa.

In akwai ƴan haya ko shago a kan kontar ɗaya da kai, raba musu nasu, domin cinsu yana haɗuwa da naka ya kai kowa hawa mai tsada. Bayan an gama, riƙa rubuta lambar kontar duk Juma'a har wata biyu. In lambar na tafiya da tsakar rana alhali batir a cike yake, koma kan saitin ondiler.