Yadda za ka riƙe addu'a kullum, ka kuma shirya wa Lent da Kirsimeti a nan Sakkwato

'Yan'uwa cikin Kristi, salama a gare ku. Ranar Lahadi dai kowa ya iya, ko Holy Family Cathedral kake zuwa a Ahmadu Bello Way, ko ECWA, ko Angilikan, ko Baftis, ana cika majami'a ana waƙa. Inda abin yake ba mu wahala shi ne Litinin zuwa Asabar, addu'ar gida, wadda babu fada babu fasto, kai kaɗai da Ubangijinka. Ita nake so mu yi magana a kai, don wanda bai saba da ita ba ko lokacin azumi ya zo sai ya ji abin ya yi masa nauyi.

Fara da lokaci. Kar ka ce "in na samu sarari zan yi", sarari ba ya zuwa, ka ɗaure ta da wani abu da ba ya fashi a ranarka. Mu nan ko agogo ba ma bukata, kiran sallar asuba na maƙwabtanmu yana tashin kowa wajen biyar da wani abu, ko kana Mabera ko Arkilla ko Kwannawa za ka ji, to maimakon ka juya ka ja bargo, tashi ka wanke fuska ka zauna. Markus 1:35 ya nuna Yesu da kansa ya tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a. Kuma gaskiya a garin nan wanga lokacin ne kaɗai akwai sanyi da shiru, ba ƙarar janareto, yara ba su tashi ba. Mai aikin dare, nas ko mai gadi ko soja, ya zaɓi nasa lokacin, Daniyel sau uku yake durƙusawa a rana (Daniyel 6:10), Katolika kuma suna da gajeriyar addu'ar da ake kira Angelus ƙarfe 6 na safe, 12 na rana da 6 na yamma.

Minti goma ya isa a farko, da gaske nake. Mutane suna ɗaukar alkawarin awa guda, sati bai cika ba sun bari, sannan kunya ta hana su dawowa.

Sai wuri. Matiyu 6:6 ya ce ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, amma mai ɗaki ɗaya a gidan haya da yara huɗu fa? Tabarma a lungun tsakar gida ta wadatar, ko kujera ɗaya da kowa a gidan ya san in Mama ta zauna a kai da Littafi a cinyarta ba a tambayarta kuɗin koko sai ta gama. Waya kuwa ka kashe data, in ba haka ba aya ɗaya za ka karanta WhatsApp ya ɗauke ka. Ni na fi son Littafi Mai Tsarki na takarda, ga shi da Hausa tun 1932 aka buga shi cikakke, ka sa tocila kusa don NEPA ba ta da alkawari.

To in ka zauna me za ka yi? Ka fara da godiya, ka ambaci abu biyu ko uku na jiya da sunansu, ba "na gode don komai" kawai ba. Ka karanta Zabura ɗaya, 150 ce, wata biyar ka kammala (ta 119 ka raba ta, doguwa ce sosai). Ko Karin Magana, sura 31, kowace rana ka bi kwanan wata. Sabon shiga ya fara da Markus, sura 16 ce kuma labarin na tafiya da sauri. Bayan karatu ka yi shiru kaɗan, ka furta laifinka ba kwana-kwana, sannan roƙo. In bakinka ya rasa abin faɗa, ɗauki Addu'ar Ubangiji a Matiyu 6:9-13 layi-layi, in ka zo kan abincin yini ka faɗa wa Allah maganar kuɗin haya da kuɗin makaranta, in ka zo kan gafara ka kira sunan wanda kake riƙe da shi a zuciya, wannan wurin yana da zafi amma kar ka tsallake shi. Ka samu ɗan littafin rubutu kana sa sunayen marasa lafiya, da waɗanda ke hannun 'yan bindiga, da maƙwabcinka Musulmi da ya yi maka alheri, da shugabanni. Da dare bayan tuwo a tara yara a yi waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, yaro ɗaya ya karanta aya, wani ya rufe da addu'a. Ranar da ta kuɓuce maka, gobe ka ci gaba daga inda ka tsaya, ba sai ka rama ba.

Yanzu lokutan shekara. Lent, wato lokacin azumi da tuba kafin Ista (bikin tashin Yesu daga matattu), yana farawa ranar Laraba ta Toka, kwana 40 ne in ba a ƙirga Lahadi ba, kuma tokar da ake shafawa a goshi daga ganyen dabinon da aka riƙe a Lahadin Dabino ta bara aka ƙona ta. Ranar tana canzawa don Ista na bin wata, tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, misali a 2027 toka 10 ga Fabrairu, Ista 28 ga Maris. Ka duba tun Janairu ka rubuta a bango.

Ga inda nake so ku saurare ni da kyau, Lent ɗinmu cikin zafi yake ƙarewa, Maris da Afrilu a Sakkwato ma'aunin zafi yana wuce digiri 40. Kar mai ciwon suga ko gyambon ciki ko mai juna biyu ya ce sai ya yi azumin da ba ruwa don ya ga wani na yi. A dokar Katolika ma ranaku biyu ne na azumi dole, Laraba ta Toka da Juma'a Mai Kyau (ranar tunawa da gicciye Yesu), ga 'yan shekara 18 zuwa 59, cin abinci sosai sau ɗaya da ɗan kaɗan sau biyu, ruwa ba a hana ba, sai barin nama kowace Juma'a ta Lent. Sauran ikilisiyoyi kowa da tsarinsa, tambayi fastonka. Abin da ya fi muhimmanci ka yanke tun kafin ranar: me zan bari, kuma wa zan ba kuɗinsa? Karanta Ishaya 58, azumin da Allah ke so har da raba abincinka da mayunwaci. Kuɗin tsiren da ka bari ya zama mudun gero ga gwauruwa a Zumuntar Mata ko 'yan gudun hijira. Kuma Matiyu 6:16-18 ya hana ɓata fuska don a san kana azumi, balle sa shi a status. Zabura 51 ta zama taka a makonnin nan, mai zuwa Hanyar Gicciye ranar Juma'a, addu'ar bin sawun wahalar Yesu tashoshi 14, ya riƙe gorar ruwa. Makon ƙarshe kuma ka nemi izinin wurin aiki da wuri, daga Alhamis zuwa Lahadi sujada ce a jere.

Kirsimeti shirinsa Lahadi huɗu ne kafin 25 ga Disamba, Adben, daidai hunturu, lokacin da tashin asuba ya fi wuya. Sa rigar sanyi kusa da Littafin tun dare. Littafin Luka sura 24 gare shi, fara 1 ga Disamba, sura ɗaya a rana, ka gama ranar jajibere. Ɗinki da shinkafa da kaza a gama da su da wuri don kar makon ƙarshe ya tafi wurin tela. Masu tafiya gida Zuru ko Kafanchan ko Jos, Littafin ya shiga jakar hannu ba but ɗin mota ba, surar ranar a karanta ta a tasha kafin mota ta cika.