Yadda za ka gaya ma alƙali ɓarnar da anka yi maka kafin a yanke hukunci

'Yan uwa abin da ke ci mani rai a kotu shi ne sai ka ga an tabbatar ma mutum da laifi, lauyanshi ya miƙe yana roƙon sassauci, mata biyu gare shi da ɗiya takwas, wanga ne karo na farko, shi ko wanda anka sara ko anka ƙwace ma babur yana can bencin baya ba wanda ya ce mashi ya jiki. To kai ma muryarka na iya isa ga alƙali, amma sai ka shirya.

Tun ranar da abin ya faru ka fara ajiye takardu. Rasit na asibiti da na kemis, rahoton likita, hoton rauni, har kuɗin mota zuwa asibiti ka rubuta a littafi da kwanan wata. In ɗan kabu-kabu ne kai rubuta kwana nawa ba ka fita ba da abin da ka saba samu a rana. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 wadda lauyoyi ke ce ma ACJA ta ba kotu ikon sa mai laifi ya biya diyya, Sakkwato ma ta yi tata a 2019, amma alƙali ba ya yanka kuɗi da ka, hujja yake bi.

Sai ka nemi mai gabatar da ƙara tun da wuri, ɗan sanda ne ko lauyan gwamnati, don a shari'ar laifi gwamnati ce mai ƙara kai shaida ne. Ka ce mashi kana son a gabatar da bayaninka lokacin yanke hukunci. Kada ka tashi tsakiyar zama ka fara magana, kora za a yi maka.

Bayanin shafi ɗaya ya isa, da Hausarka. Faɗi abin da ya canza, hannun da ba ya ɗaukar buhu yanzu, barcin da ba ka yi, yaron da ka cire daga makaranta don ba kuɗi, tsoron da ya hana ka fita bayan magariba. Ban da zagi, ban da jingina mashi laifin da ba a tuhume shi da shi ba, kuma don Allah kada ka ƙara gishiri, lauyanshi na iya yi maka tambayoyi, ƙarya guda sai ta zubar da gaskiya goma. Iyayenmu mata da 'yan uwa mata, in shari'ar fyaɗe ce ana iya roƙon kotu ta saurare ku ba a gaban jama'a ba.

Amma fa ka san iyakar abin. Bayaninka ba shi ke tabbatar da laifi ba, kuma ba kai ke faɗin shekara nawa za a ɗaure shi ba. Ko a Ingila da sunka fara wanga tsari tun 2001 alƙali na auna cutar da anka yi maka amma ba ya bin ra'ayinka kan hukunci. Kotun ƙolin Amurka ma ta hana irin wanga bayani a shari'ar hukuncin kisa a 1987 kafin ta dawo ta yarda a 1991. Ni ina ganin akwai adalci a iyakar nan, don jinin mai iya magana bai fi na bawan Allah da baki ya mutu mashi ba. Inda doka ta ƙayyade hukunci guda kuwa, kamar fashi da makami, ko mi ka faɗa hannun alƙali a ɗaure yake.

Inda maganar dangi ke da ƙarfi sosai shi ne ƙisasi a kotun shari'ar Musulunci, nan waliyyan jini ke zaɓa, ƙisasi ko diyya ko yafiya. Ku zauna ku yi shawara a gida, kada wani babba ya tilasta maku yafewa.

Ranar zaman ka zo da kwafi biyu da wani naka da zai zauna kusa da kai, in ka ji kuka zai hana ka karantawa ka roƙi mai gabatar da ƙara ya karanta a madadinka.