Robar Shaf: Yadda Ake Duba Ta da Canza Ta Kafin Kan Shaf Ya Fara Ƙara

Yawancin ƙananan motocin da ke kan titunanmu, irin su Corolla da Camry da Accord da Golf, da tayoyin gaba suke ja. Ƙarfin inji yana fitowa daga giya ya bi ta shaf biyu, hagu da dama, ya isa taya. Kowane shaf yana da gaɓa biyu. Ta waje, wadda makanikai ke kira kan shaf, tana da ƙwallayen ƙarfe shida a cikin keji, ita ke lanƙwasawa idan an murɗa sitiyari. Ta ciki, ta wajen giya, yawanci mai ƙafa uku ce, tana shiga tana fita yayin da mota ke hawa da sauka a gargada. Kowacce an cika ta da giris an rufe da roba mai ninki-ninki, an ɗaure bakinta biyu da kilif na ƙarfe.

Robar nan ita ce ran gaɓar. Muddin ba ta yage ba, kan shaf yana iya yin shekaru ba a taɓa shi ba. Ranar da ta tsage, juyawar shaf za ta watsar da giris waje, yashi da ruwa su shiga, ragowar giris ɗin ya haɗu da yashin ya riƙa cin ƙarfen kamar dutsen wasa wuƙa. A hanyoyinmu, ga ƙurar rani ga taɓon damina, makonni kaɗan sun isa a yi asarar gaɓar.

Dubawa ba ta da wahala, kuma ya kamata a yi ta duk lokacin da aka je juyen baƙin mai. Murɗa sitiyari har ƙarshe, ka leƙa bayan taya da tocila. Buɗe ninkin robar da yatsa, domin tsagar daga cikin kwarin ninki take farawa. Idan ka ga baƙin giris ya fantsama a cikin rim ko a jikin shokabzoba, robar ta riga ta fashe ko kilif ya saki. Ta waje ta fi saurin lalacewa saboda ita ke shan lanƙwasa. Ta ciki kuma zafin salansa ko baƙin man da ke ɗiga daga inji ne ke kashe ta, don haka a gyara yoyon tare.

Kafin ka sayi komai, gwada motar a fili. Murɗa sitiyari gaba ɗaya, ka taka totur a hankali kana zagaye, ka yi hagu ka yi dama. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas, kan shaf ya riga ya cinye, sabuwar roba ba za ta kashe ƙarar ba, sai an canza kan. In kuma motar na kakkarwa lokacin da ka taka totur a miƙe, ta daina da ka ɗaga ƙafa, zargi gaɓar ciki. Idan shiru, roba kawai za a canza.

A kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ko ta Panteka a Kaduna za ka samu robar iri-iri. Tafi da tsohuwar ko da cikakken sunan motar da shekararta, ka nemi wadda ta zo da kilif biyu da giris ɗinta a kwali. Roba ba abin saye ba ce a gwanjo, domin ko da ta yi kyau a ido shekaru sun riga sun busar da ita. Wadda ake tsagawa a manne da gam ta fita kunya ce kawai. Giris na kan shaf baƙi ne mai sinadarin moli, wanda ke rage gugar ƙarfe da ƙarfe. Giris ɗin boris na gama-gari ba ya jure matsin da ke tsakanin ƙwallayen.

Sassauta babban notin tsakiyar taya tun motar na ƙasa wani ya taka birki. Yawanci soket 30 ko 32 ko 36 ne, kuma sai an fara cire fil ko an miƙe bakin notin da aka dake. Ɗaga motar ka tokare ta da abin tokara mai ƙarfi, kada ka shiga ƙarƙashi jak kaɗai ke riƙe da ita. Cire taya, kwance bol-joyin na ƙasa, ka jawo hob, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa, waje shaf ya zame. In ya ƙi, mayar da notin daidai da bakin shaf sannan ka buga, don dukan guduma kai tsaye yana lalata zaren. Ka lura da wayar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) da tiyon birki kada su ɗame, kuma kada ka fizgi shaf ɗin, gaɓar ciki za ta rabu.

Yanke tsohuwar robar ka share giris. A wasu motocin kan shaf yana fita idan ka bugi cibiyarsa ta ciki, ƙaramin zobe ne ke riƙe da shi. Kada ka bugi kejin. A Toyota da yawa kan ba ya fita, sai a zare shaf daga giya, a tara man giyar da zai zubo, a sa alama da fenti a kan mai ƙafa ukun da gidanta, a cire zoben da ke riƙe da ita, a zura robobin biyu ta wannan ɓangaren. Tunda an kai nan, canza su duka biyun ya fi.

Wanki shi ne inda ake yawan ha'inci. Wanke gaɓar da kananzir har sai ruwan ya fito babu ƙwayar yashi, ka bar ta ta bushe sarai. Wanda ya ɗura sabon giris a kan tsoho ya rufe yashin ne a ciki. Duba hanyoyin ƙwallayen: sheƙi ba laifi, amma rami ko gurbin da farce ke kamawa yana nufin a canza kan.

Zura ƙaramin kilif da robar a jikin shaf tukuna. Cusa giris cikin gaɓar har ya ɓullo tsakanin ƙwallaye, sauran ka zuba cikin robar. Mayar da kan har ka ji zoben ya kama, ka ja ka tabbatar. Goge giris daga inda bakin robar zai zauna, ka zaunar da shi cikin gurbinsa. Kafin ka ɗaure babban kilif, ɗaga bakin robar kaɗan da sukundireba marar kaifi iska ta daidaita, domin wadda ta kumbura ko ta lotse ninkinta zai riƙa gugar juna. Matse kilif da filayarsa har robar ta ƙi juyawa da hannu. Waya tana yanka roba, igiyar tif kuma tana saki idan ta ji zafi.

Mayar da komai, ka sa sabon noti ko sabon fil. Ƙarfin ɗaurinsa a yawancin ƙananan motoci yana tsakanin 180 da 250 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti), ka bi adadin littafin motarka, kuma kada a tura motar notin na sake, boris ɗin taya zai lalace. In an zare shaf daga giya, duba sil ɗin bakin, ka cika man da ya zube. Bayan kwana biyu ko uku da hawa, sake murɗa sitiyari ka leƙa bakin kilif ɗin ko giris na tsattsafowa.