Darasi na Bakwai: Kaɗa Fiyano da Kibod ɗin Kwamfuta

Da yawa cikin masu zuwa ajin nan daga Gangare da Anguwan Rogo sukan ce ba za su fara haɗa kiɗa ba sai sun tara kuɗin fiyano irin na situdiyo. Ba sai kun jira ba. Kibod ɗin da kuke rubutu da shi zai fara yi muku aikin.

Dalilin shi ne MIDI. An fito da wannan tsari a 1983 domin kayan kiɗa na kamfanoni daban-daban su fahimci juna. MIDI ba ya ɗauke da sauti, saƙo kawai yake kaiwa: wace murya aka taɓa, yaushe aka taɓa ta, da ƙarfi nawa. Manhajar ce ke mayar da saƙon ya zama kiɗa. Shi ya sa maɓallin harafi ma zai iya aika shi.

Ku buɗe manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, ku zaɓi sautin fiyano, sannan ku danna Ctrl da T tare. Yanzu ku dubi layin haruffa na ƙasa. Z shi ne do, X re, C mi, V fa, B so, N la, M ti. Haruffan S, D, G, H da J da ke samansu su ne baƙaƙen maɓallan fiyano. Layin da ya fara da Q yana maimaita muryoyin nan, sai dai sun fi siriri.

A nan nake so mu daɗe. Waƙoƙinmu na Hausa da yawa a kan muryoyi biyar suke tafiya: do, re, mi, so, la. Wato Z, X, C, B, N. Ku ajiye V da M tukuna. Ku rera wata waƙar da kuka tashi da ita, ta biki ko ta raino, ku riƙa laluben ta a kan haruffan nan biyar, sannu a hankali. In kun kuskure, ku koma baya. Na ga dattijon da bai taɓa riƙe kayan kiɗa ba ya gano amshin waƙarsa a zama ɗaya, kuma farin cikin da na gani a fuskarsa ban manta da shi ba.

Akwai abin da kibod ba ya iyawa. Ko kun danna da ƙarfi ko a hankali, da ƙarfi iri ɗaya muryar za ta fito, domin bai san nauyin yatsa ba. A MIDI ana auna ƙarfin daga 0 zuwa 127. Bayan kun naɗa, ku danna F7, ku gyara ƙarfin kowace murya da linzami. Wasu kibod ɗin kuma sukan haɗiye murya ɗaya in aka danna uku lokaci guda, to sai ku naɗa ɗaya bayan ɗaya.

In sauti yana makara bayan kun danna, ku shiga F10, ɓangaren sauti, ku zaɓi FL Studio ASIO.

Aikin gida: ku naɗa amshin waƙa guda da haruffan nan biyar. Ku danna maɓallin naɗa da linzami, ba da harafin R da aka saba naɗa da shi ba, domin a wannan yanayi muryar fa zai kaɗa. Ku adana da Ctrl da S kafin a ɗauke wuta, ku zo da shi ranar Asabar.