Yadda ake raya Ranar Waliyyi Patrick, daga tarihinsa zuwa burodin soda

Ranar 17 ga Maris ake yin ta, don tunawa da Patrick, waliyyin ƙasar Ireland, kuma hutu ce a can tun 1903. Coci kan matsar da addu'o'inta idan ta faɗo cikin Mako Mai Tsarki, wato makon da ke kafin bikin Ista, kamar a 2008 da aka dawo da su 15 ga wata. Saboda haka mai shirya taro a makaranta, coci ko gida ya fara duba kalanda.

Sai abin da za a faɗa game da mai ranar, kuma a nan aka fi tafka kuskure. Patrick ba haifaffen Ireland ba ne. A Birtaniya aka haife shi zamanin mulkin Rumawa, ya rayu a ƙarni na 5. Yana ɗan kimanin shekara 16 mahara suka kama shi, suka ƙetara teku da shi zuwa Ireland, ya shekara 6 yana kiwo cikin bauta. Ya tsere, ya taka kusan mil 200 kafin ya samu jirgin ruwa, daga baya ya koma ƙasar da aka bautar da shi yana bishop. Shi da kansa ya rubuta wannan da Latin a littafinsa mai suna Confessio. A ɗauko sashen bautar da tserewar, a ba wani mai murya ya karanta. Minti biyar sun isa. Labarin cewa ya kori macizai daga Ireland kuwa almara ce, in za a ba yara a ba su a matsayin tatsuniya. Mai jawabi a Najeriya yana da ƙarin abin faɗa: a 1961 aka ayyana Patrick waliyyin ƙasar a cocin Katolika, albarkacin limaman Ireland da suka yi aikin mishan a nan.

Tufafi kore ake sawa, a maƙala shamrok a ƙirji. Ƙaramar ciyawa ce mai ganye uku, wadda al'ada ta ce da ita Patrick ya yi bayanin Triniti, wato aƙidar Kirista ta Allah ɗaya cikin Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Uku, ba huɗu ba. Mai huɗun alamar sa'a ce, ba ruwanta da Patrick. Inda ba ta fitowa, koriyar takarda da almakashi sun wadatar.

Abincin ranar a Ireland sau da yawa naman alade ne da kabeji. Wanda ba ya ci sai ya yi dahuwar rago, ita ma tasu ce ta gado: nama kilo 1, dankalin Turawa kilo 1, albasa 3, gishiri da masoro, ruwa ya ɗan rufe su, wuta kaɗan-kaɗan na awa 2. Ba tumatir, ba suya. Rabin dankalin a yanka shi ƙanana don ya narke ya ba romon kauri.

Burodin soda shi ne ya fi neman hannu. Ba ya son yis, ba ya jiran tashi. Ana buƙatar fulawa giram 450, bekin soda ƙaramin cokali 1 a shafe, gishiri ƙaramin cokali 1, da nono mai tsami mililita 350 zuwa 400. Nasu nonon shi ne wanda aka kaɗe aka cire mai, wato tsala ke nan; in kindirmo ne a sirka shi da ruwa har ya zuba kamar madara. Tsamin ne ke haɗuwa da sodar ya fitar da iskar da ke ɗaga ƙullin, shi ya sa madara zalla ba ta aiki. Kada a musanya sodar da kanwa, ƙarfinta ba ya aunuwa.

A tankaɗe fulawa da soda da gishiri tare, don ƙullutun soda kan bar ɗigon rawaya mai ɗaci. A yi rami a tsakiya, a zuba nono 350, a juya da yatsu a buɗe. In ya yi tauri a ƙara sauran. Da ya haɗu a tsaya. Wanda ya saba murza ƙullin fanke ko burodi zai so ya ci gaba, to nan ne ake ɓata shi: murza tana kore iskar, ya fito kamar dutse. A mulmula shi, a danna ya yi kaurin santimita 4, a tsaga gicciye mai zurfi da wuƙa. Tsofaffinsu kan ce albarka ce, amma tsagar ce ke kai zafi cikin tsakiya.

A tabbatar wutar gashi ta riga ta yi zafi kafin a taɓa nono, domin sodar tana fara aiki nan take. A gasa minti 15 a digiri 230 na ma'aunin Celsius, a rage zuwa 200 na minti 30. Ba na'urar gashi? Asalinsa ma a tukunyar ƙarfe mai murfi ake yi, garwashi kaɗan a ƙasa, mafi yawa a kan murfi. In na ƙasan ya yi yawa gindin zai ƙone cikin yana ɗanye.

A juya shi a ƙwanƙwasa gindin. In ya yi amo irin na ganga ya gasu, in ya yi dum a mayar minti 5. A lulluɓe shi da tsumma mai tsabta don ɓawon ya yi laushi, a bar shi ya huce rabin awa kafin a yanka. Ba mai ba sukari a cikinsa, don haka ba ya kwana da kyau. Wanda ya rage a gasa shi da safe a shafa masa man shanu.