Darasi na 7: Cinikin hatsi ta waya

Idan ka je Dawanau sayen masara, ba ka biyan kuɗi sai an soki buhu, ka murza ƙwayar a tafin hannu, ka ciza ka ji ta ce ƙas. Yanzu ana cinikin masara, dawa, waken suya da riɗi ta manhajar waya. A nan ba buhun da za ka taɓa, sai lambobi. Don haka kafin ka zaɓi manhaja, fara da tambaya ɗaya: ina kayan suke ajiye?

Kamfanin gaskiya yana da sito. Manomi ya kai hatsinsa, a ɗora a sikeli, a gwada danshi, a duba tsakuwa da ƙwari, sannan a ba shi rasit mai nuna nauyi da ingancin kayan. Abin da ke cikin wannan rasit shi ake saye da sayarwa a waya. Nemi a gaya maka garin da siton yake. Ka je da ƙafarka, ko ka tura wanda ka yarda da shi. Ka kuma tambaya: in na ce a ba ni buhunana, za a ba ni?

A Najeriya SEC, hukumar da ke kula da harkokin zuba jari, ita ce ke ba irin waɗannan kasuwanni lasisi. Cikin kasuwannin akwai AFEX, wadda ta fara a 2014, da NCX ta gwamnati a Abuja, da LCFE a Legas. Takardar CAC rajistar kamfani ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba. Sa ɗanka ko malamin aji ya duba maka sunan kamfanin a shafin SEC.

Akwai wasu manhajoji da ke cewa ana cinikin zinariya ko ɗanyen mai, alhali ba zinariyar, ba man. Canka farashi kake yi: zai hau ko zai sauka. Har su ara maka kuɗi ka ƙara, kuma farashi na ɗan juyawa naka ya tafi. Ni dai ba na ba ɗalibi shawarar shiga nan. Annabi (SAW) ya hana mutum sayar da abin da ba ya wurinsa.

Wanda ya ce ribarka tabbas ce kowane wata, ko sai ka kawo mutane, ka guje shi. Haka MMM ta cinye kuɗin jama'a a 2016, CBEX ma a 2025. Hatsi yana tashi da bazara, yana kuma faɗuwa.

Tambayi kamasho, kuɗin ajiya, da kwana nawa kuɗi ke yi kafin su shigo asusunka. Gwada da buhu 1 tukuna, ka sayar, ka cire kuɗin. Lambar sirrinka kuwa, ko ma'aikacinsu kada ka ba.

Aikin gida: Tan 1 buhu 10 ne masu kilo 100. Rasit ya nuna tan 3. Buhu nawa ke nan?